Filin Tambayoyin Makiyaya: Funfuna mai kama tsutsar ciki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Jajayen awaki nake kiwo, kuma duk damina sai tsutsar ciki ta ramar min da su, maganin ma kamar ya daina ci. Ɗana ya ce akwai wata funfuna da ake rainonta a kan hatsi a zuba wa dabba a dusa, ta kashe tsutsa. Gaskiya ne? Zan iya haɗa ta da gerona? Daga wata mai kiwo a Gumel.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Yaron bai yi ƙarya ba. Sunanta Duddingtonia flagrans. Masana a Denmak sun yi ta gwada ta a shekarun 1990, kuma a 2018 wani kamfanin Ostareliya ya samu izinin sayar da ita da sunan BioWorma.

Sai dai ba a cikin akuya take aiki ba, nan ne mutane ke kuskure. Ƙwayoyin irinta masu kaurin ɓawo ne, shi ya sa akuya za ta ci su, su ratsa tumbi da hanji su fito a kashi da ransu. A kashin nan ne ƙwan tsutsa ke ƙyanƙyashewa. Funfunar sai ta tsiro ta shimfiɗa zare mai danƙo kamar ragar masunta, 'ya'yan tsutsa su maƙale, ta huda su ta tsotse, ba su kai ga hawa ciyawa ba. Wurin kiwo take tsabtacewa ke nan. Tsutsar da ta riga ta kama ciki tana shan jini, irin Haemonchus mai zuba dubban ƙwai a rana, ko gezau. Kuma sai an ba dabba kullum, an daina an koma gidan jiya.

Batun haɗawa a gida kuwa, Hajiya, a bar shi. Gaskiya ne hatsi ake amfani da shi, gero da dawa da shinkafa duk suna yi. Amma ana fara rainon tsantsar irin ne a ruwan sinadari cikin kwalba ana girgizawa. Hatsin a jiƙa shi, a dafa a tukunyar matsi mai zafin digiri 121 don kada wani abu mai rai ya saura, ya huce, a zuba irin a rufe, a ajiye wajen digiri 25 na makonni, sannan a busar a niƙa, a ƙirga ƙwayoyin da madubin likita. Ke kuwa in kin jiƙa gero kin rufe a ɗaki, mai yiwuwa wadda za ta riga zuwa ita ce koriyar funfunar nan ta gyaɗa da masara mai gubar afalatoksin, mai lalata hanta, har ta bi nono. Wannan ya fi tsutsar sharri.

Ga abin yi yanzu. Ki riƙa buɗe fatar idon kowace akuya: in ciki ya yi fari, ko haɓa ta kumbura, ita ce mai buƙatar magani. Likitan dabbobi ya auna mata daidai nauyinta, domin ba da rabin ƙwaya na cikin abin da ke sa magani ya daina ci. Ki kwashe kashi daga garke, harawa kuma a kwami, kada a zuba a ƙasa.