Ba duk mai -olol ne ɗaya ba

Ka ce an ba ka zanen tsarin sinadarin magani babu suna, ta yaya za ka gane beta bloka ne, wato magungunan zuciya da hawan jini da sunan yawancinsu ke ƙarewa da -olol, kuma wanne ne a cikinsu. Ba don ka sosa min tsohon miki ba, da na ce ka tambayi wayar nan da ba ta barin hannunka.

Fara da wutsiya. Zobe, sai oksijin, sai kabon uku a jere, na tsakiyan riƙe da OH, sannan NH mai ɗauke da isopropil (reshe mai kabon uku) ko tert-butil (mai kabon huɗu). Ka ga haka, ka shiga gidansu. Ƙirga kabon a zane kuwa, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Suna yana wajen zobe. Zobe biyu manne da juna, wato naftalin, propranolol ke nan, na James Black da ya ci kyautar Nobel a 1988. Zobe ɗaya mai reshe can ɗaya gefen, yana fuskantar wutsiyar: in reshen ya ƙare da CONH2 atenolol ne, in da OCH3 ya ƙare metoprolol ne. Masu wannan reshe sun fi kama zuciya, suna ɗan sassauta wa huhu. Propranolol ba ruwansa, duka yake toshewa.

Wannan bambancin ne ya ci min dukiya. Akwai wani Alhaji mai hawan jini da asma, shekara da shekaru likitansa na rubuta masa atenolol, a nan kemis ɗina yake saya, haka iyalinsa da yaran shagonsa. Na tafi ɗaurin aure, na bar kemis a hannun wani yaro mai rawar kai irinku. Atenolol ya ƙare. Ya ce babu mana! A'a, sai ya miƙa propranolol, wai ai duk -olol ne. Cikin dare numfashin Alhaji ya sarƙe, ya shaƙi salbutamol ɗinsa, maganin asma, shiru, don an riga an toshe inda zai kama. Ranga-ranga aka kai shi asibiti. Kuɗin gado da na oksijin ni na biya. Na je dubiya da ledar lemo da ayaba, babban ɗansa ya tare ƙofa, ko sallamata bai amsa ba. Allah ya tashi kafaɗun Alhaji, amma magana ta riga ta zaga masallaci da majalisa, rabin unguwa suka koma kemis ɗin tsallaken titi. Shi yaron yau ga shi can da shagonsa, da farar riga, wai dokta. Ko haƙuri bai taɓa ba ni ba.

Kuma kada ka hango tert-butil da OH ka hau tsalle. Salbutamol ma yana da su, sai dai babu oksijin tsakanin zobe da wutsiyarsa, shi kuwa buɗe hanyar numfashi yake yi. Sotalol da labetalol sun saɓa ƙa'idar, wannan sai ka ƙara ƙwari. Tashi ka goge kanta, sannan ka zano min timolol kafin la'asar.