Amsa: hoton CT ya nuna iska a ƙashin bayan Baba

Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce yana da ciwon suga, ga zazzaɓi kwana biyar ga ciwon baya, sannan hoto ya nuna iska a cikin ramin da lakar baya take bi, kina tambaya ko abin tsoro ne.

To iskar ita kaɗai ba kullum take zama matsala ba, takan shiga bayan hatsari ko allurar baya ko tiyata, wani lokacin ma tari mai ƙarfi na masu asma, kuma jiki yakan shanye ta da kansa. Amma nasa da zazzaɓi da suga, gaskiya ni nan ne hankalina bai kwanta ba. Akwai ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Klebsiella da Clostridium da suke fitar da iska in suna cin nama, suna iya tasowa daga ciwon fitsari ko gyambon kwanciya na ɗuwawu su bi jini su kama ƙashin bayan har ruwan mugunya ya taru ya danne laka.

Ki duba shi yanzu, ƙafafunsa sun yi nauyi? Fitsari yana riƙewa ko yana zubo masa bai sani ba? Tsakanin cinyoyinsa ya mutu? In akwai ko ɗaya, a daren nan ku koma asibiti, kar a jira Litinin.

Za su ɗebi jini a gano ƙwayar, su yi MRI, wani hoton cikin jiki, don shi yake nuna mugunya, maganin kuma ta jijiya ake ba da shi, yakan kai sati 6, wani sai an yi aiki an kwashe. Don Allah kar a kai shi wajen mai ɗori a murza bayan nan.