Yaushe za a koma iyo bayan ɗinkin kafaɗa?

Sannu da jiki, ɗan'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka ce makonni 3 ke nan da aka ɗinke maka jijiyar kafaɗa a Garwa, kana tambaya ko za ka iya shiga gasar iyo nan da wata biyu.

Don Allah ka haƙura da wannan gasar. Jijiyar da aka ɗinke tana ɗaukar kusan makonni 12 kafin ta kama ƙashi da kyau, ko da ciwon ya lafa tun da wuri. Abin da ke ruɗin 'yan wasa ke nan. Makonni 4 zuwa 6 na farko hannu a rataye yake, likitan gashin ƙashi ne zai riƙa motsa maka shi, ba kai ba. Da dare ka jingina da matasai, kwanciya miƙe tana ƙara zogi.

Galibi sai bayan wata 4 zuwa 6 ake komawa iyo da hannu. Ka fara da bugun ƙafa kaɗai, salon malam-buɗe-littafi, wato iyon da ake wurga hannu biyu gaba lokaci ɗaya, ya zo ƙarshe. Kuma kada ka gwada kanka a kogin Binuwai, ja da ruwa mai gudu yana iya ɓalle ɗinkin. Ka nemi kwamin iyo, bayan likitanka ya amince.