Amsa ga Hajiyar da ta tambaya kan cincila da zafin Gombe

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki cewa yaronki ya ga cincila, 'yar dabbar nan dangin ɓera mai gashi mai laushi, a bidiyo ya nace sai an saya mai, kina so ki san ko fanka za ta ishe ta a nan Gombe. Na riƙe guda biyu kusan shekara uku a Tudun Wada, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Fanka ba ta yi mata komai wallahi. Mu mutane gumi muke yi, iska ta busar da shi sai mu ji sanyi, ita kuwa ba ta gumi sam, kin ga kenan fanka iskar zafi kawai take juya mata. Asalinta daga tsaunukan Andes take a ƙasar Cile, wuri mai sanyi da bushewa, shi ya sa Allah ya yi mata gashi mai kauri sosai, rami ɗaya da mu ke fitar da gashi ɗaya ita sai ya fitar da sama da 50, in kika sa yatsa a bayanta nutsewa yake kamar cikin auduga. To wannan bargon take sanye da shi dare da rana ba ta da halin cirewa.

Yanayin da take so tsakanin digiri 16 zuwa 21 ne. Da ya haura 25 ta fara wahala, daga 27 zuwa sama kuma zafi na iya kashe ta. Ki auna da namu na Maris da Afrilu da yake taɓa 40, ɗakin kwano kuma ai kin san yadda yake da azahar. Lokacin hunturu ne kaɗai, Disamba da Janairu, nake ganinsu suna tsalle-tsalle cikin walwala ba tare da AC ba.

Macen tawa a watan Afrilu na rasa ta, har yanzu abin na min ciwo. An ɗauke wuta tun safe, man janareto ya ƙare ina kasuwa, da na dawo bayan la'asar na tarar ta miƙe ta gefe ɗaya tana haki, kunnuwan nan sun yi jawur jijiyoyi duk sun fito, yawu ya jiƙa mata haɓa. Na shafa mata ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa da ƙafafu na garzaya wajen likitan dabbobi amma kafin magariba ta cika. Namijin ya tsira ne don ya lafe a kan wani guntun tayil da na ajiye a kusurwar keji. Daga baya na miƙa shi ga wani ɗan uwana a Jos, can ma dai da AC yake riƙonsa in zafi ya taso.

In har kin dage sai kin saya, to ki tanadi AC da sola ko inbata da ba za ta yanke ba, ki rataya ma'aunin zafi daidai tsayin kejin ba can sama ba, keji nesa da taga, tayil ko dutsen mabul a ciki. Gorar ruwa mai ƙanƙara a naɗe da tawul tana taimako na ɗan lokaci, amma a jikin keji ta waje, don tana gaigayar roba. Kuma don Allah kar a yi mata wanka da ruwa wai don ta ji sanyi, gashin ba ya bushewa da wuri sai ya jawo mata ciwon fata, wankanta da wata ƙura ce ta musamman. Damina ma ba hutu ba ce, laimar Agusta tana ƙara mata nauyin zafin.

Dabba ce da ke kai shekara 10 zuwa 15 har fiye, ki lissafa bazara nawa kenan. In wutar gidanku irin tamu ce Hajiya, ni dai shawarata ki sayo wa yaron zomo ko ɓeran Masar, su ma a inuwa mai iska.