Ku Tambayi Bakanike: Filashi da Allon Motar Lantarki

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Don Allah ina da Tesla Model 3 ƴar 2020 wadda aka kawo min ta Kwatano, to filashin da nake sakawa domin kyamarorin motar su riƙa ɗaukar bidiyo shi ne ya ishe ni. Na sayi wani mai 256GB a kasuwa da ɗan araha, bai daɗe ba motar ta fara rubuto min wai filashin ba shi da sauri, wani lokacin kuma allon ya daskare gaba ɗaya waƙa ta tsaya taswira ta ƙi motsi. Rewaya na ya ce birenbos ne, wato kwamfutar motar, wai zai kwance dashbod ya duba. In bar shi? Daga wani mai karatu a Gwarinpa, Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam Yallabai. Don girman Allah kar ka bari kowa ya taɓa dashbod ɗin nan tukuna. Fara zare filashin, ka yi fakin, ka danne ƴan maɓallan nan biyu masu juyawa da ke jikin sitiyari lokaci ɗaya har sai allon ya yi baƙi, ka saki ka jira ya dawo da kansa. Ka yi ƴan kwanaki kana tuƙi babu komai a ramin USB ɗin. In daskarewar ta tafi to ka gano ɓarawonka, kuma ni kusan na tabbata shi ne.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne aikin da ake ɗora wa filashin nan ba irin wanda aka yi shi dominsa ba ne. Filashi na gama-gari an yi shi ne ka zuba fayil yau ka kwashe jibi, shi kenan. Ita kuwa motarka kyamara huɗu ce ke zuba masa bidiyo a lokaci guda, ta gaba da ta baya da na gefe biyu, kuma awa ɗaya ta ƙarshe kawai take riƙewa sai ta goge ta sake rubutawa a kai, haka za ta yi ta yi muddin kana tafiya, in kuma ka kunna Sentry Mode ɗin nan mai gadin mota to ko kana barci ma bai huta ba. Ƙwayoyin da ke cikin memori suna da iyakar sau nawa za a rubuta a goge, kamar takarda ce da kake rubutu da fensir kana gogewa da kilina a wuri ɗaya, wata rana dole ta huje. Sai ka haɗa da zafin ƙasarmu, motar da aka ajiye a rana a watan Maris ko Afrilu gilashi a rufe cikinta yana iya haura digiri 60, kuma yawancin waɗannan na'urori ba a yi su don su yi aiki a sama da haka ba.

Sannan maganar araha. 256GB da ɗan kuɗi kaɗan, gaskiya ina zargin jabu ne. Akwai filashin da ake yi wa dabara ya riƙa nuna wa kwamfuta babban lamba alhali cikinsa bai wuce 8GB ko 16GB ba, yana cika sai ya fara cinye abin da ke ciki ba tare da ya faɗa maka ba, ranar da wani ya goge maka mota a go-sulo ka je neman bidiyon sai ka tarar da fayil ɗin da ba ya buɗuwa, wannan shi ya fi ɓata min rai a lamarin. Akwai wata ƴar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, a saka filashin a kwamfuta a bar ta ta cika shi ta karanta, za ta faɗa maka ainihin girmansa.

Shi kamfanin Tesla abin da ya rubuta a littafin motar shi ne filashi kar ya gaza 64GB, kuma ya iya rubuta aƙalla 4MB duk daƙiƙa ba tsayawa. Ka lura da "ba tsayawa" ɗin nan, lambar da ake bugawa a jikin kwali ta gudun karatu ce yawanci, ba ta rubutu ba. Ni shawarata ka nemi memori ƙarami irin na waya amma wanda aka yi musamman don kyamarar tsaro, kamar Samsung PRO Endurance ko SanDisk High Endurance, ka haɗa da ɗan abin karanta memori mai kyau. Wasu suna sa SSD, wato babban memori na kwamfuta, irin su Samsung T7, yana da sauri kuma yana da faɗi ba musu, amma ya fi jan wuta kuma shi ma iyakarsa digiri 60 ne, don haka a wajenmu ban cika zumuɗinsa ba. In ka saka sabon ka bar motar ta yi masa fomatin da kanta, ka shiga Controls sai Safety za ka ga wurin, ita za ta mai da shi tsarin ajiyar fayil da ake kira exFAT ta buɗe foldar TeslaCam. Motar ba ta karanta wani tsarin da ake kira NTFS, mutane da yawa nan suke maƙalewa don kwamfutarsu ta mai da shi haka. Kuma ka saka shi a ramin gaba, na kujerar baya caji kawai suke yi. Masu sababbin ƙira kuma nasu ramin yana cikin aljihun dashbod na gaban fasinja.

Ƙarin abu ɗaya, kar ka riƙa fizge filashin yana cikin ɗauka, ka danne alamar kyamarar a allo har ta tsaya tukun.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Maigidana ne yake son sayen Tesla Model S ƴar 2016 a hannun wani dila, motar tsaf wallahi, amma ƙanena ya ce ya ji wai allonsu mutuwa yake yi. Gaskiya ne ko zance ne kawai? Daga wata baiwar Allah a Kaduna.

AMSA: Hajiya ƙanen naki ya yi gaskiya, kuma ciwon ɗaya ne da wanda na gama bayani a sama, sai dai wannan memorin a ciki yake, a lanƙaye jikin kwamfutar allon, ba abin da za a zare a jefar a sayo wani ba. Model S daga 2012 zuwa farkon 2018 da Model X daga 2016 zuwa farkon 2018 sun zo da kwamfuta mai NVIDIA Tegra 3 da wani memori da ake kira eMMC mai 8GB kacal, motar kuma kullum tana rubuta bayanan kanta a ciki. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta bincika ta ce memorin yana ɗaukar rubutu da gogewa kusan sau 3,000 ne, wato shekara biyar zuwa shida, a Fabrairun 2021 kuma Tesla ta yi kiranye, wato ta nemi a dawo mata da motoci kusan 135,000 don gyara, ta canja musu da mai 64GB kyauta.

In ya fara mutuwa allon zai riƙa nawa wajen tashi, ya riƙa kashe kansa yana kunnawa, ƙarshe ya yi baƙi ƙirin. Motar tana tafiya fa, amma babu kyamarar ribas, babu ƙarar tirafiketo, uwa uba esi ta allon ake sarrafa shi, ki yi tunanin hanyar Kaduna zuwa Kano da rana tsaka ba esi.

To abin da za ku yi kafin a biya ko sisi, Alhaji ya ɗauki lambar shasi ya saka a shafin NHTSA na intanet, in motar daga Amurka ta zo zai nuna ko akwai kiranyen da ba a yi mata ba. Sannan ya shiga motar ya danna Controls, Software, Additional Vehicle Information, zai ga sunan kwamfutar. In ya ga Intel Atom to mai ita na farko ya riga ya canja zuwa sabuwa, hankali kwance. In NVIDIA Tegra ce ya nemi takardar da ke nuna an canja memorin. In babu, ku sani Tesla ba ta da wurin gyara a Najeriya, kyautar nan ba za ta iso ku ba, aiki ne na cire ɗan ƙaramin guntu a narka a liƙa wani tare da kwafe bayanan motar daga tsohon, kuma in aka bari tsohon ya mutu murus kwafewar tana wahala ƙwarai. Ko dai a rage kuɗin motar sosai ko ku haƙura ku nemi wata, ni dai da ɗan'uwana ne haƙuri zan ce ya yi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe tawa ƴar China ce mai lantarki, na zuba karatun Alƙur'ani da wa'azi a filashi amma motar ba ta ganinsa, a kwamfuta kuma lafiya lau. Daga wani ɗan'uwa a Kano.

AMSA: Malam wannan da sauƙi in sha Allahu. Motoci da yawa tsarin ajiyar fayil na FAT32 suka fi ganewa, shi kuma filashin da ya haura 32GB yawanci da exFAT yake zuwa. Nemi ƙarami mai 16GB ko 32GB a yi masa fomatin zuwa FAT32, a tabbatar karatun MP3 ne don saƙon murya da ake turowa ta WhatsApp wani tsari ne daban da ba kowace mota ke buɗewa ba, kuma kar a cusa folda cikin folda cikin folda. Duba ramin da kake sakawa ma, wani na caji ne zalla.

In kuma ka ga allon yana ɗaukewa da kansa ko da babu filashi, musamman da safe, sa a gwada maka ƙaramin batir ɗin nan mai bolt 12. Mutane suna mantawa motar lantarki tana da shi, alhali shi ke tayar da allo da kwamfutocin motar, babban batir na iya nuna 90 cikin 100 shi kuma ƙaramin ya gaji, kuma kowane mai gyaran batir a bakin titi zai iya auna maka shi da mita.