Amsa ga ƙanenmu mai son kafa teburin haɗa lantarki a ɗakinsa

Assalamu alaikum ƙanena. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, inda ka ce kana Kano, ka tara ɗan kuɗi, kana so ka kafa tebur a ɗakinka don koyon Arduino, wato ɗan allon lantarkin nan da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, da gyaran su rediyo da fitilar caji, kuma kana tunanin fara sayen osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a allo, tunda duk wanda ka gani yana wannan aiki akwai shi a gabansa. Na dakata ne sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ni ba injiniya ba ne, sha'awa ce ta jawo ni, amma na haura shekara goma sha biyar ina wannan harka da daddare bayan na taso daga aiki, kuma na kashe kuɗi a inda bai kamata ba. Ba na so ka bi wannan hanyar.

Ka ajiye maganar osiloskof tukuna, zan dawo kanta. Kuɗinka na farko, kuma kaso mafi tsoka, ka zuba shi a kan mita, wato ta hannu mai auna bolt da amfiya, da ayan ɗin narkar da dalma. Su biyun ne za ka riƙe kullum.

Mita ce idonka. Wuta ba a ganin ta, abin da mita ta faɗa maka shi za ka yarda da shi, saboda haka idan tana ƙarya duk aikinka a kan ƙarya yake. Na fara da ƙaramar mitar nan mai launin ɗorawa da ake sayarwa a kowane shagon kayan wuta. Wani dare na gama auna wutar da wata fitila take ja, jar wayar tana ramin amfiya 10. Sai aka kawo wuta, na ce bari in duba ƙarfinta kafin in kunna firji. Na juya makunnin zuwa bolt, amma na manta ban mayar da jar wayar raminta ba. Shi kuwa ramin amfiya hanya ce kai tsaye, kamar ka haɗa ramukan soket biyu da ƙusa. Ƙara na ji da walƙiya, bakin tsinken ya narke, ɗakin ya gauraye da ƙaurin roba, babban yatsana ya yi mako biyu da bororo. Da na kwance bayanta washegari, babu fiyus a wannan layi ko kaɗan, wata guntuwar waya mai kauri ce kawai. Allah ne ya tsare, don da fuskata tana kusa da wani labarin ake yi.

Tun daga ranar ba na sayen mita sai na ga cikinta. Ka nemi wadda layin amfiya da na miliamfiya kowanne yake da fiyus, kuma fiyus ɗin ya zama farin nan na tangaran mai yashi a ciki. Yashin ne yake kashe tartsatsin idan ya tsinke. Na gilashi yana iya fashewa wutar ta ci gaba da tsallakawa. A gaban mitar za ka ga an rubuta CAT II ko CAT III da adadin bolt. CAT II na kayan da ake jona wa a soket ne, CAT III na akwatin rarraba wutar gida. Sai dai rubutu ba ya tsada, kowa yana iya bugawa a jikin roba, shi ya sa nake cewa a buɗe a gani. Sannan ka tabbata an rubuta True RMS, wato tana auna ainihin ƙarfin wuta ko da siffarta ba mai santsi ba ce. Wannan a wajenmu ya fi muhimmanci fiye da ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, saboda mitar da ba ta da shi an tsara ta ne a kan wuta mai santsi irin ta NEPA. Idan ka sa ta a ƙaramar inbata mai arha wadda wutarta take fita a daddatse, lambar da za ta ba ka ba gaskiya ba ce. Na yi amfani da UNI-T UT61E na tsawon shekaru, ina kuma da ƙaramar Aneng AN8008 da nake awon Arduino da batura da ita, duk biyun True RMS ne. Ƙaramar ba na kai ta kusa da akwatin wutar gida. Fluke ita ce uwa, in ka samu ta hannu mai lafiya ka ɗauka, amma kada ka cinye jarinka duka a kanta.

Ranar da za ka je saye, ka tafi da sabon batir ɗan yatsa da rizisto biyu ko uku da ka san ƙimarsu. Batirin ya nuna kusan bolt 1.6, rizisto su nuna abin da ke jikinsu. Sai ka juya zuwa wurin ƙara, ka goga bakin tsinkayen biyu da sauri. Idan ƙarar tana zuwa nan take, mita ce ta aiki. Idan sai ta yi jinkiri kafin ta yi kuka, za ta wahalar da kai ranar da kake bin layi ɗaya bayan ɗaya a kan bod, wato allon da ake dasa kayan lantarki, kana neman inda ya yanke. Kuma ka riƙe wannan: mita da yawa idan batirinsu ya yi sanyi sai su riƙa ƙara lamba. In ka ga caja mai bolt 5 tana nuna maka 6 da wani abu, fara canza batirin mitar kafin ka zargi cajar.

Sai ayan. Wanda ake jona wa kai tsaye a soket, marar wurin saita zafi, shi ne yake sa masu koyo su ɗauka hannunsu ne ba shi da kyau. In wuta ta yi ƙasa ba ya narkar da dalma, sai ka daɗe kana dannawa har layin tagullar ya ɗago daga bod. In an tayar da janareta wuta ta yi sama, bakinsa ya ƙone ya yi baƙi, dalma ta ƙi kama shi. Kana buƙatar mai riƙe zafi a inda ka saita. Na tebur irin Hakko FX-888D yana da kyau ƙwarai, akwai kuma masu amfani da bakin T12 da suka fi arha suke ɗaukar zafi cikin daƙiƙu kaɗan. Amma ga wanda yake zaune inda ake ɗauke wuta, shawarata ita ce ƙananan nan irin TS100 ko Pinecil. TS100 yana aiki daga bolt 12 zuwa 24, wato tsohuwar cajar laftof mai bolt 19 ta ishe shi, batirin sola ma yana tayar da shi duk da ba da cikakken ƙarfi ba. Pinecil kuma yana karɓar wuta ta USB-C daga fawa bank mai PD, wato tsarin caji mai sauri. Tun da na koma wannan, ɗaukewar wuta ta daina tsayar mini da aiki a tsakiya. Ka sayi baki mai faɗi kamar ɗan kurfi, ka bar mai tsinin allura, don zafi ta faɗin baki yake shiga.

Dalma kuwa, nan ne arha take cutarwa a ɓoye. Mai kyau ita ce 63/37 ko 60/40, wato kason kuza da na dalma zalla, kaurin milimita 0.8, da fulos a cikinta, wato sinadarin da ke share tsatsa don ta kama. 63/37 tana narkewa a digiri 183, kuma nan take take daskarewa, ga sheƙi. Ka saita ayan tsakanin 320 da 350. Akwai wadda aka rubuta 60/40 a jikinta amma in ka narkar sai ta zama kamar kunun da ya yi gudaji, ta bushe fururu. Ka roƙi mai shago ya yanko maka ɗan taƙi ka gwada a gabansa. Fulos ɗin masu haɗa famfo kada ya kusanci teburinka, yana da asid, yana cin layin bod a hankali. Bayan aiki ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, ka hana yara wasa da guntayen dalma, ka kuma buɗe taga ko ka sa ƙaramar fanka ta janye hayaƙin daga fuskarka.

Abu na uku shi ne fawa sufulai, akwatin da ke ba abin da ka haɗa wuta, mai wurin saita bolt da wurin taƙaita amfiya. Na biyun ne sirrin. Duk sabon abin da na haɗa, nakan taƙaita shi a kan miliamfiya 50 ko 100 kafin in jona. In akwai shot, wato layi biyu sun haɗu inda bai kamata ba, ko na juya ai-si, ɗan baƙin ƙwayar nan mai ƙafafu da yawa, baibai, sai bolt ya faɗi, fitilar gargaɗi ta kama, babu abin da ya ƙone. Mai bolt 30 da amfiya 5 ya ishe ka shekaru. Idan kuɗi bai kai ba, ka haɗa naka: cajar laftof, da ɗan bod ɗin rage wuta mai XL4015 wanda yake da wurin saita bolt da amfiya, da ɗan allo mai nuna lamba. Wannan ma ya dace ya zama aikinka na farko, ka sa shi a akwati mai kyau.

Tunda ka ambaci gyara, akwai kayan aikin da kusan kyauta ne. Ka samu ƙwan fitila na da, mai zare a ciki, wat 60 ko 100, ka jera shi a kan layin wuta kafin soket ɗin gwaji. In ka jona abin da ka gyara kuma akwai sauran shot, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, maimakon sabon transiston da ka sa ya sake fashewa. In lafiya lau ne, zai ɗan haska ya dushe. Na LED ba ya wannan aikin, kuma masu zaren suna ƙaranci a kasuwa, in ka gani ka sayi uku. Ka kuma ji tsoron babbar kafasitar da ke cikin caja da talabijin. Wutarmu bolt 230 ce, bayan an mayar da ita DC takan kai kusan 325, kuma kafasita tana iya riƙe ta bayan ka zare filogi. Ka auna da mita, ka sauke ta ta hanyar rizisto, ba da sukundireba ba.

Ƙananan kaya ba sai na tsawaita ba: filayar yanka mai bakin shafe, hantsaki biyu, famfon tsotse dalma, gilashin ƙara girma, fitila mai haske a saman tebur, da bredbod, allon gwaji mai ramuka da ba ya buƙatar dalma, mai kama waya sosai. Masu kayan gyaran waya a Farm Centre suna da yawancinsu, su rizisto da kafasita kuma ka leƙa Sabon Gari. Abin da babu, ana samowa daga Alaba a Legas ko a yi oda ta AliExpress a jira. Ka ƙara da ɗan gwajin nan LCR-T4: ka soka transisto ko kafasita, ya faɗa maka mene ne, ƙafafunsa, da ƙimarsa. Ga mai ciro kaya daga tsofaffin bod, yana biyan kuɗinsa cikin wata guda.

Yanzu osiloskof. Yawancin matsalar Arduino ba ta siffar wuta ba ce, ta magana ce tsakanin ai-si biyu: firikwensin bai amsa ba, allo bai nuna komai ba. Wannan aikin lojik analaiza ne, ɗan akwatin nan mai layi 8 da gudun megahaz 24 da ake jona wa kwamfuta, ka buɗe shi da manhajar PulseView wadda kyauta ce. I2C, ɗaya daga cikin hanyoyin da ai-si suke magana da juna, yawanci a kilohaz 100 yake tafiya, ka ga ya ishe shi har da rara, kuma zai fassara maka adireshi da saƙon da aka aika. Kuɗinsa bai kai rabin na mita mai kyau ba. Ni sai da na shekara biyar kafin na sayi osiloskof, lokacin da na fara haɗa amfilifaya wani kuka ya addabe ni, mita kuma ta kasa nuna mini inda yake fitowa. Ranar da ka kai wannan matsayi za ka san irin wanda kake so da kanka. Rigol DS1054Z mai layi 4 da megahaz 50 shi ne masu sha'awa da yawa suka fara da shi. Ɗan DSO138 da ake haɗawa da hannu kilohaz 200 ne kawai, yana koyar da solda da kallon sauti, amma kada ka ɗauke shi makwafin babba. Kuma duk ranar da ka samu na tebur, ka sani baƙin makamin tsinkensa a haɗe yake da layin ƙasa na soket. In ka maƙala shi a ɓangaren wutar NEPA na cikin caja, abin da ya faru da mitata zai faru da kai, a kan kayan da ya fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Ga hunturu yana tafe. Ka san yadda hannu yake yin tas in ka taɓa ƙofar mota a wannan lokaci; wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe transisto irin MOSFET ba tare da ka ga alama ba. Ka sayi abin ɗaurawa a wuyan hannu mai rizisto a ciki, ka bar ai-si a ledarsu mai ruwan toka har sai za ka sa su, ka riƙa rufe teburin da zane saboda ƙura. In ka je kasuwa ka ga mitar da ta kwanta maka, ka ɗauki hoton gabanta da na cikinta inda fiyus yake, ka turo mana mu duba tare kafin ka biya. Allah Ya sa albarka a abin da ka tara.