Tambayoyinku: Jirgin da ke tuƙa kansa, da wayar da ta sha ruwa

Daga Garwa: Wayata ta faɗa Binuwai, na binne ta cikin shinkafa. Kwana nawa zan jira?

Dafa shinkafar ka ci. Kashe wayar, cire sim, kada ka sa ta caji, kai wa mai gyara yau.

Daga Lagdo: Malam, na ga bidiyo a YouTube, wani ya ɗaure sitiyarin jirginsa mai tafiya da iska, jirgin na tuƙa kansa a teku babu batir. In na ɗaure hannun injin kwalekwalena, wace manhaja ce za ta riƙe min hanya?

Ɗan'uwa, rabin bidiyon ka kalla. A bayan jirgin akwai wani faifai tsaye da iska ke kaɗawa. Da jirgi ya karkace, iska ta buga faifan ta gefe, ya kwanta, motsinsa ya juya wani allo a cikin ruwa. Iri biyu ne. Irin Hydrovane yana da allon tuƙi nasa, shi ya sa ake daidaita jirgi tukuna, sannan a kulle babban sitiyari. Irin Monitor da Aries kuwa da igiyoyi suke jan sitiyarin kansa. Ka kulle shi, ka kashe aikin.

Ko masu kullewar, ɗaurin zarge suke yi ko birkin da ake saki da hannu ɗaya, don in wani jirgi ya ɓullo, a saki sitiyarin nan take. Kuma faifan iska yake bi, bai san gabas ba. Iska ta juya, jirgi ya bi ta. Shi ya sa a gasar Golden Globe ta zagaye duniya da jirgin ruwa mai tafiya da iska, wadda Kirsten Neuschäfer ta Afirka ta Kudu ta lashe a 2023, ana yarda da faifan amma an hana na'urar tuƙi ta lantarki, kuma matuƙi na duba kamfas ɗinsa.

Kai ba faifai, ba teku. Taru gare ka, da dorina, da kwalekwalen maƙwabci. Abin da ke tayar min da hankali: in ka zame ka faɗa ruwa, injin da ka ɗaure ba zai waiwayo ba. Igiyar kashe inji, wadda ke tsayar da shi in ka faɗa ruwa, ka ɗaura a hannunka. Wayar kuma, sauke taswira tun a gida, ka sa ta a leda kamar yadda nake yi.

Daga Kusiri: Datata na ƙarewa da dare.

Hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa. Ko ka tambayi ƙanenka.